NDA, jami'a ko Daffo: wace ƙofa ce ke kaiwa ga muƙamin Janar?

Da hantsin wata Asabar yayata ta yi sallama a gidana da ke Unguwar Dosa, ta taso ɗanta na fari a gaba, hannunta riƙe da baƙar leda da aka naɗe takardunsa a ciki. Yaron bana ya gama sakandare, shekarunsa 18, sakamakonsa kuma ba laifi. Ko ruwan da aka kawo mata ba ta gama sha ba ta ce, "Kai ne ka daɗe da Baba a bariki, kai ne kuma malamin makaranta. Ga ɗanka nan ya hana mu sakat, wai shi soja zai zama, sojan ma Janar. Ubansa ya ce jami'a tukuna, abokansa na cewa ya bi su Daffo, inda ake horar da kuratan soja, shi kuma ba abin da ke bakinsa sai NDA, makarantar horar da hafsoshi. Ka raba mana gardamar nan."

Na dubi yaron na ce, "Wane Janar ɗin kake so?"

Ya sosa ƙeya ya ce, "Kawu, Janar ai Janar ne."

Daga nan muka ɗauko zancen, don wanda bai san garin da za shi ba, ba a tambayarsa motar da zai hau.

Janar hawa huɗu ne a sojin ƙasa na Najeriya. Na ƙasa shi ne Birgediya Janar, sai Manjo Janar, sai Laftanar Janar, sannan cikakken Janar. A kafaɗa ake bambance su. Birgediya yana ɗauke da mikiya da anini uku. Ranar da ya zama Manjo Janar sai a cire aninan, a bar masa mikiya a sama, a sa takobi da sanda a gicciye a ƙasa. Laftanar Janar ana ƙara masa anini ɗaya a tsakaninsu, cikakken Janar kuwa anini biyu. Jan ƙyallen nan na bakin wuyan riga, wanda ya sa ake ce musu masu jan wuya, tun daga Kanar ake fara sa shi, saboda haka ba duk mai jan wuya ne Janar ba. Mu da ke zirga-zirga tsakanin Kawo da Mando mun fi ganin muƙaman a jikin mota: jan allo a gaba, tauraro ɗaya na Birgediya, biyu na Manjo Janar, haka har huɗu. In ka ga an lulluɓe allon, to maigidan ba ya ciki, direba ne ya fito aike. Muna yara da wannan muke gane motar da masu gadin ƙofar bariki za su ƙame su sara wa, da wadda za su ɗaga wa ƙarfe kawai ta wuce.

Nauyin da ke kan kowanne ma ya bambanta. Sabon hafsa mai anini ɗaya mutum talatin da 'yan kai ake damƙa masa. Laftanar Kanar yana riƙe da bataliya. Birgediya yana riƙe da birged, wato bataliyoyi da dama a haɗe. Manjo Janar shi ake ba runduna sukutum, mai kula da jihohi. Runduna ta Ɗaya a nan Kaduna hedkwatarta take, ta Biyu a Ibadan, ta Uku a Jos, ta Bakwai a Maiduguri, ta Takwas a Sakkwato, ga kuma na Fatakwal da Legas da Inugu, kowacce kujerar babban kwamandanta ta mai taurari biyu ce. Shugaban NDA ma mai taurari biyu ne. Daga nan sama kuwa hanya ta tsuke ƙwarai. Taurari uku galibi babban hafsan sojin ƙasa ne ke riƙe da su, sai ɗai-ɗai da shugaban ƙasa kan yi wa ƙarin girma na musamman. Taurari huɗu a wannan zamani na babban hafsan tsaro ne. Na biyar, Fil Mashal, yana nan a takarda, amma ba a taɓa ba wani ɗan Najeriya ba. Shi ya sa na ce wa yaron in zai yi buri na hankali, Manjo Janar zai sa wa ido, domin shi ne ƙololuwar da aiki da cancanta ke iya kai mutum. Abin da ke sama da shi kujera ce guda ko biyu, kuma shugaban ƙasa ke zaɓar wanda zai zauna. Kada kuma ya raina taurari biyu: da su Muhammadu Buhari ya zama shugaban ƙasa a ƙarshen 1983, da su kuma ya bar soja.

Nan yaron ya kawo tambayar da kusan kowane ɗalibina ya taɓa yi mini. Ya ce, "Kawu, ai Manjo ya fi Laftanar. To ya aka yi Laftanar Janar ya fi Manjo Janar?"

Amsar tana cikin tarihin rundunonin Turai na wajen ƙarni na 17. A lokacin shugaban runduna Kyaftin Janar ake ce masa. Mataimakinsa shi ne Laftanar Janar, domin kalmar laftanar daga Faransanci take, ma'anarta mai riƙe wa wani wuri, wakili ke nan. Na ukunsu kuwa, mai tsara dakarun ƙasa a filin daga, sunansa Saja-Manjo Janar. Wannan saja-manjo ita ce Bahaushe ya mayar samanja. Da tafiya ta yi nisa sai aka yar da "saja" aka bar Manjo Janar, aka kuma yar da "kyaftin" aka bar Janar. Ashe dai Manjo Janar asalinsa samanjan janarori ne, kuma samanja ai a ƙarƙashin laftanar yake. Da Baba na da rai da ya ji daɗin wannan bayani, don shi a samanja ya yi ritaya.

Kafin mu shiga ƙofofin sai da na cire masa wani tunani. Yaranmu sun tashi da labarin Gowon da Murtala, suna ɗauka haka ake hawa. Yakubu Gowon yana Laftanar Kanar ya zama shugaban ƙasa a 1966, ya zama Manjo Janar a 1967, cikakken Janar a 1971, bai kai shekara arba'in ba. Murtala Muhammad yana Birgediya ya hau mulki a 1975, a farkon 1976 ya zama cikakken Janar. Zamanin juyin mulki da yaƙin basasa ke nan, runduna ta kumbura cikin ɗan lokaci, hafsoshi kuma 'yan kaɗan ne. Yau lissafin daban yake. Dubi Faruk Yahaya: ya shiga NDA a 1985, aka ɗaura masa anini a 1990, bai zama Manjo Janar ba sai 2017, ya riƙe Runduna ta Ɗaya a nan Kaduna, sannan ya zama babban hafsan sojin ƙasa a 2021. Shekara 27 tsakanin anini ɗaya da taurari biyu. A tsakanin nan akwai jarrabawar ƙarin girma, akwai ƙaramin kwas da babban kwas a kwalejin manyan hafsoshi ta Jaji wadda aka buɗe a 1976, akwai Kwalejin Tsaro ta Ƙasa a Abuja ko makamanciyarta, akwai rahoton da na gaba da kai ke rubutawa a kanka duk shekara, akwai kwamitin da ke zama ya tace sunaye kafin Majalisar Sojin Ƙasa ta sa hannu. Kowane muƙami kuma yana da iyakar shekarun haihuwa: in sun cim maka ba ka haye ba, sai gida. Wannan batu na shekaru shi ne ƙashin bayan duk abin da zan faɗa a kan ƙofofin, don soja kasuwa ce da ake ciniki da ƙuruciya.

Ƙofa ta farko ita ce NDA, kwas na dindindin. An kafa makarantar a nan Kaduna a 1964, ta gaji kwalejin horon soja da su Buhari da Babangida da Abacha suka fara bi ta cikinta a farkon shekarun 1960. Shugabanta na farko ma Birgediya ne daga Indiya. Tun 1985 take ba da digiri. Tsohon mazauninta yana barikin Ribadu, sabon kuma a Afaka, hanyar filin jirgin sama. Mai son sojin ƙasa shekara biyar yake yi, huɗu ana haɗa masa karatun digiri da horo, ta biyar horon soja zalla. Ana raba ɗalibai bataliya-bataliya masu sunayen wuraren da kakanninmu suka yi yaƙi, irin su Burma da Mogadishu da Abisiniya da Dalet. Ba a biyan kuɗin makaranta, ci da kwana da kaki duk na gwamnati ne, har da ɗan alawus. Sharuɗɗan da aka saba gani a sanarwa su ne shekara 17 zuwa 21, kiredit biyar har da Turanci da lissafi, tsawo mita 1.68 ga namiji, ba aure, sannan a zaɓi NDA a matsayin zaɓin farko a JAMB. Bayan JAMB akwai jarrabawar makarantar kanta, bayanta kuma kwamitin tantancewa, inda ake duba lafiya ciki da waje, a sa gudu da motsa jiki, a yi ganawa baki da baki. Gurabe jiha-jiha ake raba su, saboda haka ɗan Kaduna da 'yan Kaduna yake takara, kuma masu nema sun ninka gurabe nesa ba kusa ba. Mata ma tun 2011 aka fara ɗaukarsu a wannan kwas.

Abin da ya ɗaga wannan ƙofa sama da sauran abu biyu ne. Na ɗaya, yaro yana fita da anini yana ɗan shekara 22 zuwa 26, wato duk tsawon hanyar tana gabansa, iyakar shekaru ba ta bi shi da gudu. Na biyu, irin naɗin da ake yi masa, na hafsan yaƙi na dindindin, shi ne wanda ake ba bataliya da birged da runduna, kuma daga cikin masu shi ake ɗauko shugaban sojoji. Ba sai an yi dogon musu ba, a duba waɗanda suka riƙe kujerar a shekarun nan. Abdulrahman Dambazau ɗan kwas na 17 ne, Tukur Buratai na 29, Ibrahim Attahiru, ɗan nan Kaduna, na 35, Faruk Yahaya na 37, Taoreed Lagbaja na 39. Christopher Musa, ɗan Zangon Kataf da ya zama babban hafsan tsaro mai taurari huɗu a 2023, ɗan kwas na 38 ne, ya shiga a 1986. Kafin shi Martin Luther Agwai, shi ma ɗan kudancin Kaduna, ya riƙe kujerun biyu duka, kuma NDA ya bi. Lambar kwas ɗin nan kuwa ta fi sunan gari muhimmanci a wurinsu. In hafsoshi biyu suka haɗu, kafin a tambayi jiha ana tambayar kwas, don da shi ake sanin wa zai fara sara wa wani.

Sai dai kowa ya ci zomo ya ci gudu. Yaron da ya shiga NDA ya sallama ƙuruciyarsa tun yana 18. Ba ya fita sai an ba shi izini, na gaba da shi da shekara ɗaya tak yana iya hana shi barci, kuma faɗuwa jarrabawa ko karya doka na iya sa a mayar da shi baya ko a kore shi, ko da yana shekarar ƙarshe. Wanda aka kora a aji huɗu ya dawo gida ba digiri ba anini, tsaransa kuma sun yi gaba. Fannin karatu ma ba lallai ya sami wanda ransa ke so ba, haka ɓangaren da za a tura shi bayan ya gama, ko dakarun ƙasa da cibiyarsu ke Jaji, ko masu igwa da makarantarsu ke Kachiya, ko masu tankokin yaƙi a Bauchi, buƙatar runduna ake dubawa kafin son ransa. Ga kuma abin da uwa ba ta son ji, amma na faɗa wa Yaya a gabansa. Sabon hafsa a yau daga fareti sai daji, Borno ko Zamfara ko Birnin Gwari. Taurari ma ba sulke ba ne. A Nuwamban 2021 aka kashe Birgediya Janar Dzarma Zirkusu a Askira Uba yana kan gaba da dakarunsa. A ranar 21 ga Mayun shekarar Attahiru ya rasu a hatsarin jirgi dab da filin jirgin Kaduna, wata huɗu kacal da hawansa kujera. A Agustan shekarar dai 'yan bindiga suka kutsa Afaka kanta suka kashe hafsoshi biyu. Yaya ta yi shiru tana juya kofin ruwa a hannu, can ta ce, "Allah ya jiƙansu."

Ƙofa ta biyu ita ce ta ubansa, a yi jami'a tukuna. A nan mutane ke haɗa abu biyu su ɗauka ɗaya ne, alhali tsakaninsu akwai rata.

Akwai gajeren kwas na hafsan yaƙi, wanda ake kira SSC. Mai digiri ko babbar difloma, wanda ya gama bautar ƙasa, shi ke nema, kuma a sanarwar shekarun nan 23 zuwa 27 ake sa wa a shekarun haihuwa. Horon watanni ne, ba ya cika shekara, kuma mai wuya ne, don abin da wasu suka sha a shekaru ake ɗura masa a watanni. In ya fita hafsan yaƙi ne sosai, daji ɗaya suke shiga da 'yan kwas na dindindin, harsashi kuma ba ya tambayar kwas. Bambancin yana cikin takarda: naɗinsa na wa'adi ne, sai ya nemi a mayar da shi na dindindin, a duba aikinsa a amince, kafin doguwar hanya ta buɗe masa. Akwai waɗanda suka bi ta nan suka sa taurari. Babban misali shi ne Abdulsalami Abubakar, wanda ya fara a sojan sama a 1963, ya koma sojin ƙasa, ya yi gajeren kwas na gaggawa aka ɗaura masa anini a 1967, ya kuma kai cikakken Janar a 1998. Amma shi ma ɗan zamanin yaƙin basasa ne. Matsalar ɗan yau ita ce agogo. A ce ya shiga jami'a yana 19, karatun shekara huɗu, a haɗa da yajin aiki irin na 2022 da ya cinye wata takwas, a haɗa da jiran bautar ƙasa da yin ta, ga shi ya kai 25 ko 26. Kuma ba kowace shekara ake buɗe wannan kwas ba, yana iya jira har ya haura 27 ba a yi kira ba. In ma ya samu, tsaransa da ya bi ta Afaka ya riga shi da shekaru a aiki. Ribarsa guda, kuma babba ce: digirinsa na hannunsa, wanda ya zaɓa da kansa, in soja ba ta yiwu ba bai yi asarar komai ba.

Ɗayan kuma shi ne DSSC, ƙofar masu sana'a. Likita, mai haɗa magunguna, ma'aikaciyar jinya, lauya, injiniya, malamin makaranta, akanta, ɗan jarida, limami da fada, duk ta nan suke shiga. Shi ma horon watanni ne, an kuma fi sassauta iyakar shekaru, musamman ga manyan likitoci, kuma galibi da anini biyu ake fita. Sana'arka soja ke so, saboda haka a fanninka za ka zauna. Likitan da ya shiga ta nan yana iya yin shekaru a asibitin soja na 44 da ke nan Kaduna yana duba marasa lafiya sanye da kaki. Ba za a ba shi birged ko runduna ba, ba kuma zai zama babban hafsan sojin ƙasa ba. Amma in an mayar da naɗinsa na dindindin yana iya hawa har ya shugabanci fanninsa, kuma shugabannin manyan fannoni masu taurari ne. Mace ta farko da ta zama Manjo Janar a sojin Najeriya, Aderonke Kale, likitar ƙwaƙwalwa ce, ta kai muƙamin a 1994 tana shugabancin sashen lafiya na sojin ƙasa. Sai dai kujerar saman kowane fanni guda ce, masu jiran ta kuwa da yawa. Ni a ganina wannan ƙofa ta wanda likitanci ko lauyanci ne ke ransa tun asali, kaki kuma ƙari ne. Wanda ya je ya karanta abin da ba ya so don kawai ya lallaɓa ta nan ya zama Janar, ya ɗauko doguwar hanya zuwa garin da ba nan ya nufa ba.

Ƙofa ta uku ita ce ta abokansa, Daffon Zariya, wanda ke horar da kurata tun 1924. A nan sai da na sassauta murya, don ƙofar Baba ce. Sharuɗɗanta sun fi sauƙi, shekara 18 zuwa 22 ga marar sana'a, ana ɗan ƙara wa mai sana'ar hannu, horo kamar wata shida, daga nan sai albashi. Ga gidan da ake jiran yaro ya fara kawo cefane, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma matakalarta daban take tun daga tushe. Kurtu igiya yake nema a hannun riga: igiya ɗaya las kofur, biyu kofur, uku saje, haka har samanja. Hafsa kuma anini yake nema a kafaɗa. Ina tuna wata safiya ina riƙe wa Baba gwangwanin man takalmi yana goge but ɗinsa har kana ganin fuskarka a ciki, gemunsa da ya aske ya fara fari, muka fito bakin layi sai ga wani sabon hafsa, yaro ɗanye shakaf da bai fi sa'ar Yaya ba, anini ɗaya na ƙyalli a kafaɗarsa. Baba ya ƙame ya sara masa. Abin ya tsaya mini a rai, da dare na tambaye shi. Ya ce, "Ba shi na sara wa ba, takardar shugaban ƙasa da ke kafaɗarsa na sara wa. Gobe kuma ni zan koya masa yadda ake riƙe mutane." Haka kuwa aka yi, don kowane hafsa mai hankali ya san samanja ne ke riƙe da bariki. Akwai gada tsakanin matakalan biyu. Sojan da ya daɗe ya kuma yi fice ana iya ba shi naɗin hafsa na musamman, wanda ya yi karatu yana cikin aiki kuma yana iya neman gajeren kwas in shekarunsa ba su wuce ba. To amma mai hayewa ta gadar farko ya riga ya manyanta, yawanci a tsakiyar matakalar hafsoshi ritaya ke samunsa. Duk wanda ya ce wa yaro "shiga Daffo kawai, daga ciki sai ka juya ka zama Janar", hangen Dala ya nuna masa.

Af, tun da an zo nan: duk ƙofofin nan akwai 'yan damfara a bakinsu. Wani maƙwabcinmu ya sayar da fili ya ba wani mai cewa yana da hanya, aka kawo masa takardar ɗauka har da hatimi, yaro ya yi aski ya ɗauki jaka, aka juyo da shi daga bakin ƙofa. Sojin ƙasa kan faɗa a kowace sanarwa cewa neman shiga kurtu kyauta ne. Wanda ya ce a kawo kuɗi a sayi gurbi, a riƙe aljihu.

Akwai wani abu kuma da ba a cika gaya wa masu buri ba, wanda ya shafi har waɗanda suka kai. Al'adar soja ita ce babba ba ya zama a ƙarƙashin ƙaninsa na kwas. Ranar da aka naɗa Faruk Yahaya na kwas 37 ya gaji Attahiru na kwas 35, manyan da ke gabansa sai dai ritaya ko a mayar da su wasu ofisoshin da ba sa ƙarƙashinsa. Wato kana Manjo Janar, ba ka yi laifin komai ba, sanarwa ɗaya a rediyo ta isa ta kawo ƙarshen aikinka. In ba haka ba ma, shekara 35 na aiki na jiranka. Sai a shirya faretin bankwana, irin wanda ake yi wa janarorin dakarun ƙasa a Jaji, a ɗora ka a buɗaɗɗiyar mota, hafsoshi su kama igiya su ja ka har bakin ƙofa.

Da na gama sai Yaya ta ce, "To kai me ka gani?"

Na ce mata ga wannan yaron dai, mai shekara 18 da kiredit ɗinsa cif, wanda kuma takobi da sanda yake mafarki, ya nemi NDA yanzu. Dalilina shi ne ita kaɗai ce ƙofar da ke rufewa da wuri. Jami'a tana nan ko yana 22, SSC da DSSC suna gaba, amma Afaka daga 21 an gama. Shawarar ubansa ba ta faɗi ba, jeri kawai za a sauya mata: a sa NDA a zaɓin farko, in sunansa bai fito ba a canza zuwa jami'a a wannan shekarar, kada ya zauna a gida yana jiran baɗi. Yana karatun yana iya sake gwadawa in har yanzu abin na ransa, in kuma ya wuce shekarun, ya kammala digiri ya tsaya a layin SSC. Da ya ce mini likita yake son zama da sai in ce ya manta da Afaka, ya tafi jami'a kai tsaye. Da kuma takardunsa ba su cika ba, gida kuma na cikin matsi, da ban hana shi Daffo ba, amma da na zaunar da shi na gaya masa igiya zai je nema, kuma ba abin kunya ba ce, da ita aka ciyar da mu.

Na aika aka karɓo tef ɗin ɗinki a wurin maiɗakina, na tsayar da shi ba takalmi a jikin ƙyauren falo, na ɗora littafi a kansa na ja layi da fensir. Mita 1.71. Na ce ya tsallake wannan, saura gudu, kuma ba a fafe gora ranar tafiya, daga gobe bayan sallar asuba ya riƙa zuwa gadar Kawo yana dawowa a guje. Ya ce, "Kawu, kullum?" Na ce har Lahadi.

Yaya tana naɗe takardun tana mayarwa cikin leda ta ce, "Yanzu in an ɗauke shi, yaushe zai zama Janar ɗin?"

Na ƙirga mata a yatsu, biyar na makaranta, ashirin da bakwai na aiki, in komai ya tafi daidai. Na ce, "Yaya, lokacin kin haura saba'in."

Ta gyara mayafi ta ce, "Allah ya kai mu. Kai, ɗauko takalmanka mu tafi, ban ɗora girki ba."